Janareta Mara Mai da Cajin Waya da Albasa: A Riƙa Aunawa Kafin a Tura

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta haura hakan nesa, wani nau'in bidiyo ya samu kasuwa a wayoyin matasa. Su ne bidiyoyin janareta mara mai, da injin ban-ruwa mai shan ruwa zalla a madadin fetur, da fankar da maganaɗisu ke juyawa ba wuta, da wayar da ake caja da albasa ko lemun tsami. Suna fitowa a TikTok da Facebook da YouTube, daga nan su faɗo guruf-guruf na WhatsApp, a ƙasansu an rubuta "Allah Ya ƙara basira" ko "don Allah a tura har ya kai ga gwamnati".

Akasarin masu tura su matasa ne masu son kimiyya tsakani da Allah, irin waɗanda tun suna yara suke kwance rediyon gida don su ga mai magana a ciki. Niyyarsu mai kyau ce, amma a Talata Mafara da Bakura da Maradun, inda noman rani ke cin fetur kuma wutar lantarki ba ta da tabbas, bidiyon ƙarya a kan makamashi zai iya cinye jarin manomi na shekara guda. Saboda haka ya kamata mayun kimiyya na wannan yanki su canza ma'auni. A daina ƙirga gwaninta da yawan bidiyon ban mamaki da mutum ya tura, a koma ƙirga ta da yawan abin da ya gwada da hannunsa, ya auna, ya faɗi sakamakon ko da bai yi daɗi ba.

Inda ƙaryar take ɓuya

Janareta mara mai da ake tallatawa kusan duk ƙirarsu ɗaya ce. Akwai batir, akwai moto mai juyawa da lantarki, akwai altaneta irin ta mota, sai inbata. Batir ya juya moto, moto ya juya altaneta, altaneta ta mayar wa batir caji, wai a haka za a yi ta zagayawa har abada. Matsalar ita ce a kowane mataki ana asarar wani kaso na makamashin, yana tafiya a zafi da ƙara da gogayyar ƙarfe da ƙarfe. A ɗauka moton yana mayar da kashi 80 cikin 100 na abin da ya sha, altaneta kuma kashi 70. Idan batir ya ba da 100, moto zai miƙa 80, altaneta ta dawo da 56, tun ma ba a kunna ƙwan fitila ko ɗaya ba. Wanda ya taɓa jikin injin ya ji ɗumi, to ya taɓa asarar da hannunsa.

To me ya sa yake aiki a gaban mai saye? Saboda batirin a cike aka zo da shi. Batir mai bolt 12 da aka rubuta wa 100Ah yana ɗauke da kimanin wat-awa 1,200, wato abin da zai riƙe kayan wat 1,200 na awa ɗaya. Ƙwan fitila uku masu wat 10 da fanka mai wat 50 sun haɗa wat 80, a lissafin takarda za su kai awa 15. Wannan ya ishi a ɗauki bidiyo, a yi ciniki, a biya kuɗi, mai kaya ya kama hanyarsa. Abin takaicin shi ne da an haɗa batirin da inbata kai tsaye, an jefar da moton da altanetar, da ya fi daɗewa.

Labarin injin mai shan ruwa ma haka yake. Gaskiya ne ana iya raba ruwa da lantarki a samu iskar haidurojin, kuma tana kamawa da wuta. Amma idan ta ƙone ruwa take komawa, kuma ba za ta taɓa ba da fiye da abin da aka kashe wajen raba ta ba. Ruwa kamar toka yake, ya riga ya ƙone. Wani Ba'amurke mai suna Stanley Meyer ya yi shekaru yana tallar mota mai tafiya da ruwa, har a 1996 wata kotu a jihar Ohio ta yanke cewa zamba ce, ta umarce shi ya mayar wa mutum biyu da suka zuba jari kuɗinsu. Tun 1775 ma Cibiyar Kimiyya ta Faransa ta yanke shawarar daina duba duk wata na'ura da aka ce tana juya kanta har abada, don ta gaji da ɓata lokaci. Har yau bidiyoyin Meyer suna yawo, an ƙara musu labarin cewa manyan kamfanonin mai ne suka danne fasahar.

Albasa da lemun tsami kuwa lissafinsu ya fi sauƙi. Batirin waya mai 5,000mAh yana ɗaukar kimanin wat-awa 19. Lemun tsami da aka soka wa jan ƙarfe da tutiya yana ba da ƙasa da bolt ɗaya, da ƙarfin da bai fi kashi ɗaya cikin dubu na wat ba. Ko da a ce ba zai bushe ba, sai an yi awa 19,000, fiye da shekara biyu ke nan, kafin wayar ta cika. A bidiyon, wayar caji ta gaske tana bi ta ƙarƙashin tebur, ko kuma an yanke hoton an haɗa.

Darasin da ke Bakolori

Ɗan wannan yanki ba ya buƙatar zuwa Turai don ganin cewa banza ba ta kai zomo kasuwa. Madatsar ruwa ta Bakolori da aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450. An shimfiɗa aikin ban-ruwanta a kan kimanin hekta 23,000 a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun, kashi biyu. Kimanin hekta 8,000 ruwa ke gangaro musu da kansa ta magudanai, sauran kimanin 15,000 kuma aka yi musu tsarin feshi, wanda sai famfuna sun tura ruwan da ƙarfi. Famfo yana buƙatar wuta da kayan gyara kullum. Da waɗannan suka gagara, ɓangaren feshin ya durƙushe, na gangara ya ci gaba da ciyar da mutane. Da akwai injin da ke tura ruwa ba tare da ya sha komai ba, da injiniyoyin da suka yi wannan katafaren aiki sun riga kowa saye.

Ko ruwan gangarar ma akwai wanda ya biya masa kuɗin hawa. Rana ce ta ɗaga shi sama tururi, ya sauko da damina a tuddan wajen Funtuwa inda gulbin ya faro, ya biyo ta Gusau ya taru a bayan dam. Tambayar da ta kamata a yi wa kowane bidiyo ke nan: makamashin daga ina ya fito? Idan amsar rana ce, ko iska, ko gangaren ruwa, ko gas, ko batirin da aka caja a wani wuri, to ana iya ci gaba da magana. Idan aka ce daga cikin injin yake haifar kansa, a rufe bidiyon a adana data.

Wanda ya riƙe wannan tambaya zai iya yi wa mahaifinsa lissafi mai amfani. Ɗaga lita 1,000 na ruwa zuwa tsayin mita 5 yana cin kimanin wat-awa 14, idan famfon rabin abin da ya sha yake mayarwa aiki sai ya zama 28. Shayar da hekta ɗaya ruwa mai zurfin milimita 5 lita 50,000 ne, wato kimanin wat-awa 1,400. Farantin sola mai wat 300, idan ya samu awa biyar na rana mai ƙarfi, a takarda zai ba da 1,500, a zahiri ƙura da zafi za su rage. Ke nan faranti biyu za su ɗauki wannan aiki, idan kuma zurfin ruwan ya ninka, buƙatar ma ta ninka. Wannan lissafi ba zai tara masu kallo miliyan ba, amma da shi ake shiga shagon mai sola a san abin da za a saya.

Me ya sa ƙarya ta fi gudu

Manhajojin bidiyo suna da tsarin lissafi da ke zaɓa wa mutum abin da zai gani na gaba, kuma abin da yake aunawa shi ne tsawon lokacin da aka zauna ana kallo da yawan turawa. Wani babban jami'in YouTube, Neal Mohan, ya faɗa a 2018 cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na lokacin da mutane ke ɓatarwa a dandalin yana tafiya ne a kan abin da tsarin ya zaɓa musu. A wannan shekarar kuma masu bincike na jami'ar MIT ta Amurka suka wallafa nazari a kan Twitter, inda suka gano labarin ƙarya ya fi na gaskiya saurin yaɗuwa, kuma mutane ne da hannunsu suka fi yaɗa shi. Abin mamaki ya fi abin da aka saba jan ido, ita kuwa ƙarya ba ta da iyakar mamakin da za ta ƙirƙira. Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo, manhajoji irin su Veo suna haɗa bidiyo daga rubutu kawai, har da fuska da murya. Da can ana cewa gani ya kori ji. A kan allon waya wannan magana ta daina aiki, sai dai a ce gwaji ya kori gani.

Hatta bidiyo na gaskiya yana da nasa tarkon. Derek Muller, mai tashar Veritasium, a kan wannan batu ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Sidni ta Ostireliya, ya kammala a 2008. Ya nuna wa wasu ɗalibai bidiyon da ke bayanin dokokin motsi dalla-dalla. Suka ce sun gane sarai, ƙarfin gwiwarsu ya ƙaru, amma da aka sake yi musu jarrabawa makinsu kusan bai motsa ba. Wasu kuma aka nuna musu bidiyon da ya fara da kuskuren da mutane suka saba yi, sannan aka warware shi. Waɗannan suka ce bidiyon ya rikita su, amma makinsu ya tashi sosai. Ma'ana, jin daɗin kallo daban, koyo daban. Matashin da ya kalli bidiyon kimiyya ɗari a wata yana kwance zai iya tashi da jin ya zama masani, alhali ba zai iya faɗin wat nawa cajarsa ke sha ba.

Wani lokaci kuma abin ya wuce asarar kuɗi. Akwai bidiyoyin da ke koyar da fitar da zinare daga dutse ko daga tsofaffin allunan waya ta hanyar ƙona zaiba, wato makuri, ko haɗa ruwan asid, ba tare da ko kalma ɗaya a kan hayaƙin da ke tashi ba. Tururin zaiba ba shi da launi ba shi da wari, kuma ƙwaƙwalwa da ƙoda yake lalatawa. Zamfara ta riga ta san kuɗin irin wannan rashin sani. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta shigo aka shafe shekaru ana magani da kwashe gurɓatacciyar ƙasa. Haka bidiyoyin huda batirin waya da ya kumbura don a "fitar da iska". Batirin litiyam da aka huda yana iya kamawa da wuta nan take, a ɗakin da ake kwana.

Abin da masu kare bidiyoyin ke cewa

Wasu za su ce wannan tsanantawa ce, ai bidiyon ban mamaki shi ke jawo yaro ya fara son kimiyya, ko da rabinsa wasa ne. Akwai gaskiya a nan, kuma ba wanda ya ce a koma kallon lacca mai sa barci. Mehdi Sadaghdar na tashar ElectroBOOM injiniyan lantarki ne da ke sa mutane dariya har da hawaye, kuma a cikin dariyar yake tona asirin bidiyoyin wutar banza ɗaya bayan ɗaya, da mita a hannunsa. Ban dariya da gaskiya suna zama a bidiyo ɗaya. Yaron da aka jawo da ƙarya kuwa, ran da ya kashe kuɗin makarantarsa a kan maganaɗisu da waya fankar ta ƙi juyawa, ko dai ya ɗauka shi ne daƙiƙi, ko ya yanke cewa kimiyyar duk tatsuniya ce.

Wasu kuma za su ce tambayar hujja kashe gwiwar masu ƙirƙira na gida ce, an fi son na Bature. Wannan ma ya cancanci amsa. William Kamkwamba na ƙasar Malawi yana ɗan shekara 14, ya bar makaranta saboda rashin kuɗi, ya haɗa injin iska da tarkacen keke bayan ya ga hoto a wani littafi a ƙaramin laburare, ya kunna fitila a gidansu. Mustapha Gajibo a Maiduguri ya mayar da ƙananan motocin haya masu fetur masu aiki da batir da hasken rana. Duk su biyun za su iya nuna inda makamashinsu ya fito, kowa ya zo ya auna, shi ya sa aikinsu ya tsaya. Girmama mai ƙirƙira shi ne a ɗauki aikinsa da muhimmancin da za a kawo mita a gwada. Wanda aka yi wa tafi kawai aka tura bidiyonsa, bayan mako biyu an manta da shi, ba a kuma gaya masa inda zai gyara ba.

Akwai dalili na uku da ya sa maganar ta fi nauyi a nan. A 2021 aka sace ɗalibai mata 279 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a watan Agusta, aka kwashe ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun a farkon Satumba, har gwamnati ta rufe makarantun jihar. Yara da yawa sun yi asarar zangon karatu, wasu ba su koma ba. Ga irin waɗannan, musamman 'yan mata, wayar yaya ko ta uwa ita ce ɗakin gwaje-gwajen da ya rage. Abin da ake zuba mata yana da muhimmanci kamar abin da malami ke rubutawa a allo.

Abin da za a iya farawa da shi

Kayan aikin ba su da tsada. Mitar da masu gyaran waya ke auna bolt da ita tana nan a kowane teburin gyara a kasuwar Mafara, kuma awa ɗaya a gefen mai gyara ta isa a koyi riƙe ta. Wayar kanta cike take da ƙananan ma'aunai na motsi da sauti da haske da maganaɗisu. Manhajar phyphox, wadda jami'ar Aachen ta Jamus ta yi kuma take kyauta, tana buɗe su duka, tana aiki ko ba data. Da ita za a iya auna ƙarar janareta daga nisa daban-daban, ko lilon dutsen da aka ɗaure da zare. Akwai ma gwajin da ba ya buƙatar komai sai sanda. Mafara tana kusan digiri 12 da rabi arewa da tsakiyar duniya, don haka sau biyu a shekara, wajen 23 ga Afrilu da wajen 20 ga Agusta, rana na tsayawa daidai tsakar ka, sandar da aka kafa a miƙe ta rasa inuwa na ɗan lokaci. Wanda ya ɗauki wannan a bidiyo, ya yi bayaninsa da Hausa, ya haɗa da na abokinsa a Legas ko Yamai a rana ɗaya, ya maimaita irin gwajin da Eratosthenes ya auna girman duniya da shi fiye da shekara 2,200 da suka wuce.

Bidiyon kimiyya da Hausa yana da ƙaranci, kuma wannan dama ce. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da na Jami'ar Jihar Zamfara, duk a Talata Mafara, da na kwalejin Bakura, da masu gyaran waya da masu haɗa sola, suna da abin ɗauka a ƙofar gida: nawa ƙurar hunturu ke rage wa farantin sola kafin a goge shi da bayan an goge, lita nawa injin ban-ruwa ke sha a awa da fetur da kuma bayan an mayar da shi gas, wace caja ce ke ba da abin da aka rubuta a jikinta. Sharaɗin kawai shi ne a nuna mita a cikin hoto, kada a yanke bidiyo a tsakiyar gwaji, a faɗi kayan da aka yi amfani da su don wani ya maimaita, a kuma saka gwajin da ya ƙi kamar yadda ake saka wanda ya yi.

Sannan a riƙa ajiyewa. A Satumban 2021 an katse layukan waya a faɗin Zamfara, wasu wurare suka yi watanni ba sabis, ranar nan kowa ya gane abin da ke cikin memori shi ne nasa. Manhajar Kiwix tana sauke Wikipedia a karanta ba intanet. Masu tura fina-finai a bakin kasuwa za su iya buɗe jakar darussan kimiyya da aka tantance kusa da ta waƙoƙi, a riƙa raba ta da Xender kyauta. Guruf ɗin WhatsApp na masu son fasaha kuma su kafa doka ɗaya: duk wanda ya turo bidiyon wata na'ura, ya rubuta a ƙasa inda makamashinta ya fito da kuma wanda ya auna. Idan bai sani ba, ya turo shi a matsayin tambaya, 'yan guruf su haɗa kuɗin kayan, a gwada ranar Talata bayan an tashi kasuwa.